A Dawo Mini da Bakin Kakata

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Rayuwar Ɗan'adam da Zaman Iyali, inda yayarmu Hajara take digiri na biyu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa, ya aiki, ya haƙuri da ɗalibai? Ni ne Sabi'u, ɗan acaɓa tsakanin Ɗanzomo da Maigatari. Allo na yi, ban san ƙa'idar ofis ba, amma ƙara na kawo.

Na ɗaya. Ina da kaka, Iya Tabawa. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, malalacin da bai taɓa cefane ba. Ni kuwa in ɓoye mata sanda, in sa mata tsakuwa cikin goro. Duk Alhamis in na dawo daga kasuwa, tun daga zaure zaginta yake tarbata.

Na biyu. Bayan ƙaramar Sallah Yaya Hajara ta zo da na'urar ɗaukar murya, wai bincikenta a kan wasan jika da kaka ne. Iya ta ji za a kai maganarta gaban Farfesa. Shi ke nan, ta ɗauko zanen ƙasan akwati, ta zauna ɗas kamar baƙuwa. Na ɓoye sandar, ta sa mini albarka. Na zuba gishiri a kununta, ta shanye, ta yi hamdala. Har Malam Sabi'u take ce mini!

Na uku, nan laifinku yake. Kun saurara, kun ce ba ku ji wasa ba, a koma a ƙaro. To in na'urar tana kan tabarma, ina za a ji shi? Ku kuka kore shi, ku kuke cigiya.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa wa Yaya hannu ta naɗe kayanta. In kuwa dole sai an ji, ka zo da kanka ba na'ura, ka laɓe bayan rumbu. Ni zan ɗauko ka daga Gumel kyauta, sai dai ban yi alƙawarin birki ba.

Ka hanzarta don Allah. Tsohuwar nan ƙafa ta fara gazawa, abincinta ya ragu. Ba na son mu rabu tana ganin girmana.

Allah ya ƙara ilimi, ya ja kwana, ya ba ka jikokin da za su ɓoye maka tabarau.

Wassalam.

Sabi'u, mijin Iya Tabawa, wanda aka yi wa yaji ana zaune gida ɗaya.