Kowa Ya San Ƙeyata, Ba Wanda Ya San Fuskata

Anti Glenda,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ganyayen bishiyoyi su gama zuba, domin da sun zube aikin bana ya ƙare, ni kuma ina tsoron kada wani abu ya ƙare tare da shi. Kada ki buga sunana a jarida. Ko da yake ban san amfanin ɓoyewar ba, tunda duk wanda ya taɓa sayen katin hoto a shagunan bakin teku daga Lunenburg har Digby ya san ni. Wato ya san bayana.

Mijina, bari in kira shi Lorne, ba sunansa ba ne amma ya yi kama da shi, sana'arsa yawo da masu ɗaukar hoto. Yakan kwaso baƙi cikin ƙaramar bas, ya yi mako guda yana zagawa da su ƙauyukan masunta, da hasumiyoyin fitila masu haska wa jiragen ruwa hanya, da gonakin tuffa na cikin kwari, da tsofaffin majami'un katako. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, daga Toronto, daga Ohio, har daga Jamus, kowa rataye da kyamara mai baki kamar tsawon hannuna. Shi yake nuna musu inda za su tsaya da lokacin da haske zai yi kyau. Mutumin kirki ne, ba na musu. Ba ya sha, ba ya faɗa, shi yake haɗa mini shayi kafin in tashi.

Ranar da muka haɗu ina aiki a wani ɗan gidan shayi, na ɓoye littafin soyayya a ƙarƙashin kanta ina karantawa. Ya shigo sharkaf da ruwan sama, ya tsaya yana kallona har na fara jin kunya, sannan ya ce hasken tagar nan yana so na. Anti, na zaci littafin da ke hannuna ne ya buɗe ya fito da shi. Sai bayan aure na ji ya faɗa wa wata saniya wannan maganar. Ya kuma faɗa wa wata tsohuwar ƙofa.

Kyautar farko da ya ba ni bayan biki jar rigar ruwa ce mai hula. Na rungume ta na yi hawaye, don a littattafan da nake karantawa jan kaya ba a banza ake ba mace ba. Ashe kayan aiki ne. Ya yi mini bayani da murnarsa: teku toka-toka, duwatsu toka-toka, sama ma haka, to dole a sami ɗigon ja guda inda ido zai sauka, kuma da mutum a wurin ne ake gane girman hasumiya. Amma mutumin ba ya juyowa. Wai idan fuska ta fito, hoton ya zama na wata mata ce kawai, idan kuwa baya ne, duk mai kallo sai ya ga kansa ne tsaye a wurin. Tun daga ranar, aikina ke nan. A ƙarshen gadar da jiragen kamun kifi ke tsayawa, ni ce. A tsakiyar layin bishiyoyin tuffa, ni ce. A kan dutse gaban hasumiya da sanyin asuba, hancina na zuba, ni ce dai. Baƙin ma ba sa riƙe sunana, Jar Riga suke ce mini. Shekara biyu da aurenmu, bayana ya shiga kalanda, ya shiga bangon ɗakin jiran likitan haƙori, amma a gidanmu babu hoton fuskata ko ɗaya da mijina ya ɗauka da hannunsa. Na bikinmu ma ɗan'uwana ne ya ɗauka da waya.

Abin da ya fi ba ni haushi, idan na hau dutsen nan ba ya ko ɗaukar kyamararsa. A bas yake barin ta. Sai ya jera baƙin a bayana, ya zaga ya sauka can ƙasa ta gabana, daf da inda baƙaƙen duwatsu masu santsi suke farawa, inda ba zai fito a hoto ba. Can yake tsugunawa, ya dubi ruwa ya dube ni, ya dubi ruwa ya dube ni, yana ɗaga hannu in matsa dama ko hagu. Ko bayan nawa ma ashe bai kai ya ɗauka ba.

Na kai kuka wurin surukata, Mama Verna. Ta tuntsire da dariya har ta ajiye cokalin miyar kifi. Ta ce kafin in zo ita ce take tsaya masa, da rawayar riga, har gwiwoyinta suka ce sun gaji, kuma ba ta taɓa tambayar ina fuskarta ba. Ta ce littattafan nan da nake kwasowa a gwanjon majami'a su suka cika mini kai, in rage su in koyi gasa burodi mai kyau.

To, ga abin da ya faru makon jiya. Rukunin da suka zo sun yi rashin sa'a, hazo ya rufe gaɓar gaba ɗaya. Kwana da kwanaki ba su ɗauki komai ba sai igiyoyi da tarkunan kama lobsta, wato ƙaton jatan lande, har wata Misis Pruitt daga Ohio ta fara cewa da ta sani da ta zauna a gida ta ɗauki hoton tukunyar ruwan zafi, duk tururin ɗaya ne. Safiyar ƙarshe muka je hasumiya, ba don muna sa rai ba. Na hau dutsena, suka jera a bayana, Lorne ya sauka wurinsa. Muna nan tsaye sai hazon ya tsage kamar an ja labule, rana ta zubo a kan ruwa, komai ya koma launin zuma. Na ji kyamarori sun fara ƙyas-ƙyas a bayana.

Anti, a littafin da na gama kafin mu fito, akwai inda yarinyar take tsaye a bakin ruwa, ta juyo a hankali, saurayin ya gan ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ban san lokacin da na ture hular ba. Na juyo, na saki murmushi. Na manta sam cewa a littafi ne namiji yake tsayawa a baya. Nawa yana gaba. Wato na juya wa mijina baya, na yi wa dattawa goma sha biyu fari da ido.

Suka yi gunaguni a tare kamar an taka su. Misis Pruitt ta ce, “Haba yarinya, wa ya aike ki?” Daga ƙasa kuma na ji muryar Lorne, da irin ƙarfin da ban taɓa jin ya yi ba: “Kada ki ba teku baya!” Ya taso a guje, santsi ya kwashe shi, ya fasa gwiwa. Kafin in mayar da hular in koma yadda nake, hazon ya rufe. Shi ke nan, hasken mako guda ya tafi.

Ni 'yar masunci ce, ba sai an koya mini teku a gaban baƙi ba, kuma ruwan ranar bai yi wani tashi ba. Na san hoton ne ya yi masa ciwo, ya fake da teku. Muka koma wurin karin kumallo. Wani dattijo Bajamushe ya ji tausayina ya nuna mini abin da ya ɗauka: idona ɗaya a rufe, gashi ya shige mini baki. Wannan ne hoton fuskata na farko a sana'ar mijina.

Tun ranar muna gaisawa kamar maƙwabta. Shayin yana nan kullum, amma maganar ba ta taso ba. Na cusa jar rigar a buhun kayan da zan kai gwanjon majami'a, bai lura ba tukuna. Rukunin ƙarshe na bana suna tafe. In ƙi tsayawa? In kai rigar? Anti, ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi: mutumin nan ni ya aura, ko ɗigon ja?

Taki,
Mai Jar Riga

*

Ƙanwata Mai Jar Riga,

Da farko, ciro rigar nan daga buhu. Ban ce ki sa ba, na ce ki ciro. Idan kika kai ta gwanjo, wata za ta saya, ki riƙa ganinta a kasuwa kina jin haushi. Na kuma duba jikin firjina, ina jin ke ce a katin da wata ƙanwata ta aiko mini. Kin iya tsayuwa, wannan kam.

Kina da gaskiya a wurare da yawa. Mace ta so mijinta ya ɗauki hoton fuskarta, ba laifin littafi ba ne, ko wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba za ta so haka. An kuma sa ki aiki cikin sanyi ba a tambaye ki ko kina so ba, an ba ki kayan aikin da sunan kyauta. Wannan kuskurensa ne, kuma haƙurin da surukarki ta yi da gwiwoyinta nata ne, ba doka ba ce a kanki. Ya kamata baƙi su san sunanki, shi ne kuma zai gabatar da ke tun ranar farko, a matsayin matarsa kuma abokiyar aikinsa.

Amma ke ma kin taka. Mutanen nan sun taso daga nesa saboda ɗan hasken nan, mijinki kuma da irin wannan safiyar yake ci. Damuwar da kika tara shekara biyu ba ki faɗa ba, kika zaɓi ki faɗe ta da juyi a daidai lokacin da ba wanda zai fahimta. Lorne bai karanta littafinki ba. Bai san an zo shafin juyowa ba.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a hankali, wurin da kika ce ya fi ba ki haushi. Mutumin da ke tashi da asuba yana farautar haske, idan hasken ya zo sai ya bar kyamararsa a bas, ya je ya tsuguna tsakaninki da ruwa. Kin ce ya dubi ruwa ya dube ki. Ke 'yar masunci ce, kin san abin da mai tsugunawa a wurin yake tsaro, kin kuma san igiyar ruwan da ke ɗauke mutum daga dutse ba ta zuwa da sallama, ranar da ruwa ya yi luf ma tana zuwa. Da hoto ne ya dame shi, da ya ce kin ɓata hoto. Misis Pruitt ce ta faɗi haka. Shi teku ya ambata, kuma da gwiwarsa ya biya. Ki kuma lissafa: a duk safiyoyin nan da kike kukan ba mai ganin fuskarki, mutum ɗaya ne a duniya yake zaune inda ake ganinta.

Ban ce wannan ya wanke shi ba. Namiji yana iya kallon matarsa kullum, bai taɓa tunanin tana bukatar shaida a bango ba. Don haka kafin baƙin nan su iso, ki zaunar da shi a kan shayin nan nasa. Ki fara da ba shi haƙuri kan baya da kika ba teku, za ki ga yadda fuskarsa za ta sake. Sannan ki faɗa masa a fili, ba da gugar zana ba, cewa kina son safiya guda babu bas babu baƙi, shi da kyamararsa, ke da fuskarki, da rigar da kika ga dama. Ki faɗa masa batun sunanki. Idan kuma zuciyarki ta gaji da tsayuwar gaba ɗaya, wannan ma haƙƙinki ne, amma a ɗakin girki za ki sanar da shi tun da wuri don ya nemi wata, ba a kan dutse ba.

Littattafanki kuwa ki ci gaba da karantawa, ni ma akwai su a ƙarƙashin matashina. Ki dai tuna masu rubuta su a ɗaki mai ɗumi suke zaune, ba su taɓa tsayawa a jiƙaƙƙen dutse ba.

Idan kin yarda kin sake hawa, hasken kuma ya zo, kika ji zuciyarki tana cewa ki juya, kada ki juya. Ki sauke ido ƙasa kaɗan, ta gabanki, ki yi murmushin a can. Allah ya bar ku tare, ya warkar da gwiwar, ya ba ku sama garau babu hazo.

Taki,
Anti Glenda