Waƙar Bunsurun Rifkatu

Laraba, 19 ga Disamba, 2001
Kwanon tuwon sallar da na aika wa Rifkatu ya dawo da sabulu a ciki, amma ita ba ta leƙo ba. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu! Kowace Kirsimeti maigidana Mainasara ke yanka musu bunsuru, tunda mahauci ne, don mu ma mu iya cin naman. Bara abin ya faɗo cikin azumi, ga maganar Shari'a da zafinta, suka yi abinsu shiru. Yanzu har ana cewa Malumfashi za su koma. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 20
Na ji kukan bunsuru ta bayan katanga. Ashe sun saya. Na yi wa maigida, Baban Hasana, magana, ya ce wanda ba a kira ba ba ya wasa wuƙa. Wai yana tsoron ko waƙarsa ce suka fara ɗauka izgili.
Waƙar kuwa, muryar wata waƙa da suke rerawa a coci ya ara, ya sa wa bunsuru a baki, yana yi in yana fiɗa:
"Na tsallake Layya na yi rawa,
na tsallake suna na yi tsalle,
ashe Disamba na laɓe a zaure,
wayyo ni bunsuru!"
Kullum nakan ce masa shirme ne, mutum da furfurarsa. Har gobe ma shirme ne.

Asabar, 22
Shiru. Na ƙona miya.

Lahadi, 23
Na yafa mayafi na shiga gidan Rifkatu, in ta fashe ta fashe. Na ce, "Maman Ladi, me muka yi muku?" Sai ga hawaye. Wai gudu suke kada su ja wa Baban Hasana magana, a ce yana yi wa Kirista yanka. Ka ji fa! Su suna jin nauyinmu, mu muna jin nauyinsu, bunsuru na ta ƙiba. Na ce yankan halal ba sabon abu ba ne a garin Daura, kuma haƙƙin maƙwabci ba jiya aka saukar da shi ba. Gobe da hantsi a fito da shi. Na dawo ina taku ɗai-ɗai. Wallahi yau na burge kaina.

Litinin, 24
An yi! Baban Hasana ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla, Malam Ayuba mijin Rifkatu na riƙe da ƙafafu. Amma da aka zo fiɗa sai kowa ya yi tsit, sai ƙarar wuƙa. Shi yana kallon fata, su suna kallon ƙasa. Har an kai cinya babu wanda ya yi tari.
To, an dai samu wanda ya fara waƙar bunsurun. Malam Ayuba ya karɓa da ƙatuwar muryar nan tasa ta coci, maigida ya ɗaga wuƙa yana ba da amshi, Rifkatu ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya tana share ido. Sau uku aka maimaita.

Talata, 25
Shinkafa ta iso, da hanta a sama, kuma ita da kanta ta ɗauko. Ta tsaya tana ƙare wa akuyata mai ciki kallo, ta ce in ta haifi namiji kada in sayar, nata ne na baɗi. Malumfashi kuwa, sai dai ziyara.
Baban Hasana sai tsokanata yake, wai ni na fara jiya, har da ƙarin baitin da bai taɓa ji ba:
"Da kun ci gaba da kunyar juna da na ga baɗi,
kun shirya, na shiga uku!"
Ni dai gyaran murya na yi. Na rubuta shi nan ne kawai don kada ya ɓata mini shi baɗi.