Kulob Ɗin Haulatu

Madinat Khalifa, Doha
Oktoba, 2022

Zuwa ga Gwaggo Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Hajiya da mutanen Funtuwa duka. Na rubuta ne na ɗauki hoton takardar, domin in na buɗe baki a waya kuka ke zuwa.

Gwaggo, ki taimake ni. Ranar Juma'a da nake gaishe da Hajiya na ce mata na shiga kulob, muna fita bayan magariba saboda zafi, kuma an ce na fi kowa iya juyi. Sai ta yi salati ta ce in ba Baba wayar. Yanzu Baba ya kulle sandar wasana a mota. Ya ce da an rufe makarantu saboda gasar kofin duniya zai mayar da ni gida gaba ɗaya.

Wallahi ƙwallon gora ce kawai, wadda suke ce wa hoki. Mata zalla ne. Da dogon wando da ɗankwali nake bugawa. Lokacin korona da aka kulle mu, karatu ta kwamfuta, ba ni da ƙawa ko ɗaya, a tsakar ɗaki na koya da ƙwallon ƙanena. A fili ne kaɗai ba na jin kunyar mutane.

Mako mai zuwa za a fara gasa, kulob-kulob za su zo daga Masar da Kenya da Malesiya. Koci ta ce in ban dawo atisaye ba, khalas, shi ke nan, za ta sa wata a gurbina. Baba ya san gaskiya, amma ya ce ba zai yi musu da mahaifiyarsa ba.

Taki mai biyayya,
Haulatu


Funtuwa

'Yata Haulatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai kin tayar mana da gida. Ke ma dai! Duk Hausar duniya ki rasa abin da za ki ce wa tsohuwa sai kulob da juyi da bayan magariba?

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Hajiya tana da ƙane, Usaini, wanda ta goya da bayanta. Ya samu aiki a Kaduna, ya fara zuwa kulob, giya ta cinye shi, a can aka ɗauko gawarsa. Tun daga nan, in ta ji kalmar nan a rediyo ma kashewa take yi. Shi ya sa ubanki ya yi shiru.

Na ce mata wasa ne, ta ce Usaini ma wasa ya ce. Ki turo bidiyo in gwada. Ban yi miki alkawari ba.

Gwaggonki


Doha

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah Ya jiƙan Kaka Usaini, ban taɓa jin sunansa ba. Na yi ta kuka, har na ji kunyar roƙon da nake yi, amma ga shi ina sake yi.

Ga bidiyon. Ni ce mai lamba takwas. Juyin da na faɗa na sanda ne: fuska ɗaya kawai aka yarda ta taɓa ƙwallo, dole ki riƙa juya ta a hannu kina gudu.

Jiya na ga motar 'yan wasan Masar a unguwar Al Aziziya, na sunkuyar da kai. Koci ta ba ni zuwa Alhamis. Gwaggo, ki durƙusa mata a madadina. Ki ce ƙungiya ce, ba zan ƙara faɗin waccan kalmar ba har abada.

Haulatu


Funtuwa

Haulatu,

Hajiya ta kalli bidiyon sau uku. Ta ce, "Wannan ai shara suke yi a guje! Mu'azu ya kai 'yarsa ƙasar Larabawa ta koyi shara?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ba ta ce e ba. Ta ce hoto yana ƙarya, ido ba ya yi. Ta kira ubanki ta ce ya ajiye aikinsa na birnin Lusail, ya kai ki da kansa, ya zauna daga farko har ƙarshe, ya duba kowane lungu. In ya ga kwalba ɗaya, ki haɗa kayanki. Abin da ya faɗa mata shi ne hukunci.

Allah Ya ba ki sa'a.

Gwaggonki


Doha

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mun buga, Masar sun ci mu biyu da ɗaya. Baba bai kira Hajiya ba domin muryarsa ta dishe, tun da aka fara yake tsaye yana ihu, "Yalla, Haulatu, juya!"

Ya ce ki shaida mata: kwalaben ruwa kawai ya gani, namiji ɗaya ne a fili, mai ban ruwan ciyawa, kuma alƙaliyar wasan ba ta da adalci.

Gobe Kenya. Ya ce in kwanta da wuri.

Taki,
Haulatu