Ƙorafi kan Takardar Sunaye da ke Aljihun Mai Unguwa

Daga: Sista Mabel Jonah,
Ma'aikaciyar Jinya, Ɗakin Ba da Shawara,
Azare.

Litinin, 14 ga Yuli, 2008.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa Ido kan Binciken Lafiya,
Shiyyar Katagum,
Azare.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FITAR DA SUNAN MAI KARƁAR MAGANI ZUWA ƘAUYENSU BA DA SANINTA BA, DA ROƘON A KARƁO TAKARDAR KAFIN ALHAMIS, 17 GA YULI

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Yallaɓai yana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin wata baiwar Allah da ba za ta iya tsayawa gabanka ba. Zan kira ta Gumsu, amma ba sunanta ba ke nan. Takarda sai ta bi ta hannun masinja da akawu kafin ta hau teburinka, ni kuwa a makon nan na daina amincewa da takarda. Sunanta da lambar katinta suna bakina, duk sa'ad da ka kira ni zan faɗa maka.

Shekarata ashirin da biyu ina aikin jinya a garin nan. Tun da aka fara raba maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ni ce nake zama da masu karɓa ina ba su baki. Ina kuma karɓar alawus daga shirin binciken da nake kawo ƙara a kansa. Na faɗa tun yanzu, kada gobe a ce Sista ta ɓoye.

Ga abin da ya faru, daki-daki:

1. Gumsu shekararta talatin da ɗaya. Tana zaune a wani ƙauye a gefen Disina, a gidan bappanta, da fura da nono take riƙe kanta da 'yarta Juwairiyya mai shekara shida. Mijinta ya rasu a 2005, aka ce tarin fuka ne. Bayan ta fita takaba ta zo mana da tari, muka auna, muka samu abin da muka samu. Yarinyar kuwa Allah ya kuɓutar da ita. Tun daga ranar babu mahaluƙin da ya sani a gidansu. Duk wata takan ɗauko ƙwaryarta kamar mai zuwa talla Azare, ta ajiye a rumfar wata mai kayan miya, ta shigo mana ta ƙofar baya. Kafin ta fita sai ta juye ƙwayoyin a robar man shafawa, ta bar mini kwalbar. Maganin farko da aka ɗora ta a kai bai karɓe ta ba: jikinta ya feso, leɓɓanta suka saɓule, har muka fid da rai. A gida aka ce sammu ne, ta bar su a kan haka. Da aka sauya mata wani sai ta murmure, ta koma tallanta.

2. A ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2007, aka sa ta cikin binciken. Kamar yadda Yallaɓai ya sani, wasu masu ba da tallafi daga ƙasar waje ne suka zuba kuɗi don a gano dalilin da ya sa magani ɗaya yake tashin wani, ya kuma saɓule fatar wani. Masanan sun ce amsar tana cikin abin da mutum ya gado a jininsa daga iyaye. Aiki ne mai kyau, ban taɓa kushe shi ba, don ni ce nake wanke waɗanda maganin ya ƙona. Ni na karanta wa Gumsu takardar amincewa da Hausa, na ƙara da ɗan Fulatancin da nake ji. Ba ta tambayi nawa za a ba ta ba, ba ta tambayi yawan jinin da za a ɗiba ba. Abu ɗaya ta tambaya, har sau uku: shin wani na gida zai ji? Na dafa ƙirji na ce mata ko bayan raina. Shafi na biyu na takardar ma haka ya ce, kuma kwamitinka ne ya buga masa hatimi. Ta dangwala yatsa. Ranka ya daɗe, Gumsu ba ta san takarda ba, ni ta sani.

3. A watan Yuni na bana masu tallafin suka aiko cewa ba za su saki kashi na biyu na kuɗin ba sai an kawo jinin 'yan uwan waɗanda maganin ya ƙona, wato iyaye da 'yan uwa na jini, don a gwada da nasu. Suka yanka wa'adi, 31 ga Yuli. Shugaban shirin, Dokta Meshach, ya kira taro, ba a gayyace ni ba. A nan aka tsai da shawarar cewa jiran kowane majinyaci ya zo karɓar maganinsa a nemi izininsa zai ci lokaci, gara a bi su ƙauyuka. Babu wanda ya koma ya tambayi Gumsu. Da an tambaye ni, da na ce musu da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. A ranar Laraba, 9 ga Yuli, aka tura Malam Uzairu, jami'in bibiya na shirin, zuwa ƙauyensu. Ina so a rubuta cewa ba mugu ba ne. Mutumin Jama'are ne, magidanci, mai kunya da ladabi, kuma ladabin nan nasa shi ya kashe mu. A tarbiyyar da ya taso, baƙo ba ya shiga gari ya doshi gidan mutane yana neman matar da ba muharramarsa ba. Sai ya fara faɗuwa gaban mai gari. Haka ya yi. Ya ajiye farar motar shirin a ƙofar Mai Unguwa, ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi, ya ce an aiko shi awon wani ciwon gado. Har nan bai yi ɓaranɓarama ba. Mai Unguwa ya yi murna, ya tambayi gidajen da za a shiga don ya sa a tara mutanen, kada baƙi su sha wahala. Dattijo ya miƙo hannu, Malam Uzairu kuwa bai iya barin hannun dattijo a sama ba. Ya zaro takardar daga fayil ya miƙa da hannu biyu. Sunaye huɗu ne a ciki, na Gumsu ne na farko, sauran na danginta. A saman takardar kuwa ga cikakken sunan shirin da manyan baƙaƙe, da sunan cutar ƙuru-ƙuru.

5. Abin da ya rufa mana asiri zuwa yau shi ne Mai Unguwa ba ya karatun boko. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Mutum ɗaya ne yake karanta masa takardun hukuma, hedimastan firamaren ƙauyen, shi kuwa yana Bauchi wajen wani kwas, sai Alhamis 17 ga wata da yamma zai dawo. An riga an faɗa wa sankira ya shirya, ranar Juma'a 18 ga wata bayan an sauko daga masallaci zai kira sunayen gidajen. Wannan hedimasta wan mijin Gumsu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar ƙanensa yake neman dalilin karɓe Juwairiyya, bai samu ba.

Gumsu ta ga motar da idonta. Ta fito da ƙwarya a ka za ta bi ta ƙofar Mai Unguwa, sai ga motar da take gani a harabar asibiti tana juyawa. Ta ce mini a nan ta tsaya a jikin katanga. Mai Unguwa ya hango ta, ya yafito ta yana dariya, ya bubbuga aljihunsa, ya ce mata ta ba da goron albishir, gwamnati ta zaɓi gidansu, baƙon ma ya ambaci sunan bappanta. Har ya zolaye ta, wai in an raba abin arziki kada ta manta da tsoho. Ta durƙusa ta yi godiya. Ta auna masa fura, ya sha, ya sa mata albarka, takardar tana leƙowa daga aljihunsa, tsakaninta da ita bai fi kamu ɗaya ba. Ta ce ta yi tunanin ta fizge ta cusa a baki ta haɗiye. Wallahi da ta yi, da ban ga laifinta ba.

6. Kada Yallaɓai ya ɗauka tsoron banza ne. Shekara uku da suka wuce an yi wata mata mai suna Baturiya a ƙauyen, da aka ji labarin tana da ciwon. Ba a doke ta ba, ba a zage ta ba. Kwanonta kawai aka ware, aka kafa mata bukka a bayan gida, aka riƙa tura mata abinci da sanda. Yara suna wucewa suna ce mata kabari salamu alaikum. Wata huɗu ta yi. Gumsu ce take kai mata ruwa a ɓoye, alhali ita ma tana ɗauke da abin a jikinta, ta kuma ga yadda aka rasa mai yi wa gawar wanka. Mai sayar da fura kuwa, ranar da aka ji, ranar ce ƙwaryarta za ta koma gida a cike. Tun Larabar nan Gumsu ba ta iya haɗiye tuwo. In ta ga mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa sai ta ce shi ke nan, an karanta. Kullum sai ta ƙirƙiri dalilin bi ta ƙofar Mai Unguwa don ta ga ko takardar tana nan. Ranar Asabar ta ga ya sauya riga, ta kusa zaucewa, sai da ta hango gefen takardar a aljihun sabuwar.

7. Ban zo gabanka ba sai da na bi ta ƙasa. Ranar Alhamis, 10 ga wata, Gumsu ta iso ɗakina ba ƙwarya, ba takalmi ƙafa ɗaya. Nan take na sami Dokta Meshach. Ya dafe kai, ya amsa cewa an yi kuskure, amma ya ce in aka ta da maganar masu tallafi za su ji, su rufe shirin, masu karɓar magani fiye da ɗari uku su rasa awon jini na kyauta. Ya ce in yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Na ce masa Juma'a ba ta jiran ƙarshen wata. Na sami Malam Uzairu, ya yi ta salati, idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce shi bai san da bakin da zai ce wa dattijo ya dawo da abin da ya ba shi ba, kuma in ya koma shi kaɗai za a yi zargin akwai wata a ƙasa. Ni kuma ba ni da halin zuwa. Daga Azare har Dambam an san ɗakin da Sista Mabel take zama. In aka ga ƙafata a ƙofar Mai Unguwa, ba sai an jira hedimasta ba.

Ina jin tsoro, ranka ya daɗe. Ina tsoron a rufe shirin, ina tsoron aikina, shekara uku suka rage mini in yi ritaya. Amma duk ba su kai tsoron Juma'ar nan ba. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Yallaɓai:

(a) Ya tura wani babba da Mai Unguwa zai ji nauyinsa, a motar da ba ta shirin ba, ya karɓo takardar nan kafin azahar ɗin Alhamis, 17 ga Yuli. A ce masa an yi kuskuren takarda, gaskiya ce kuwa. Don kada dattijo ya ji kunya gaban jama'arsa, a kai wa ƙauyen awon hawan jini na kowa da kowa a ranar Juma'ar, ba tare da kiran sunan wani gida ba.

(b) Ya binciki ko an bar irin wannan takarda a wasu ƙauyuka. An ce mini Malam Uzairu ya je wurare uku a makon, ban tabbatar ba.

(c) Ya dakatar da ɗibar jinin dangi har sai an koma ga kowane majinyaci a ɗaki, an nemi izininsa. Wanda ya ce a'a, a ƙyale shi, kuma kada a taɓa maganinsa.

(d) Kwamiti ya rubuta wa masu tallafin da kansa ya nemi ƙarin wa'adi. Su ne suka rubuta shafi na biyu, ba na jin za su so a ce da kuɗinsu aka keta shi.

Ba na neman a kori kowa. A hukunta wanda za a hukunta daga baya, in ni ce ma na yarda. Yanzu dai a karɓo takardar.

Abu na ƙarshe, wanda ya sa na kawo wannan da hannuna maimakon in bi ta ofis. Jiya Lahadi na dawo daga coci na tarar da Gumsu a ƙofar gidana, ita da Juwairiyya da ƙullin kayan yarinyar. Ta ce a gida ta faɗa musu za ta kawo ta a duba mata ido. Ta roƙe ni yarinyar ta zauna wurina zuwa Asabar. Ta faɗa mini yarinyar ba ta cin kuɓewa, kuma tana tsoron karnuka. Ta kwance nata 'yan kunnen ta ɗaura a bakin zanen yarinyar. Na ce mata to, ranar Asabar da wane lokaci za ta zo ɗaukarta? Ta gyara wa 'yar ɗankwali, ta ce mini Allah ya saka da alheri, ta juya ta kama hanyar tasha. Na yi ta kiranta, ba ta waiwayo ba.

Yarinyar tana gidana yanzu haka. Da safen nan ta tambaye ni saura kwana nawa Asabar.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya ba shi ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Sista Mabel Jonah