Gamba a Kan Kabarin Babanka

Samaru, Zariya

Ɗana Ishaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya Rifkatu da yara? Muna lafiya, sai kewar Babanka.

Na ji kana so a yi wa kabarinsa siminti. Don Allah ka dakata. Ranar Lahadi na je, na tarar ciyawar gamba ta tsiro a kansa. Tun da ya ajiye kakin soja, ita yake shukawa a makiyayar Shika. Shekara nawa ina zazzage irinta daga aljihunsa ranar wanki, ina yi masa faɗa. Na zauna na yi kuka, na kasa cire ko ɗaya. Mu bar masa ita.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida kowa.

Mamanka,
Saratu