Takalmin da Na Aika Bai Shiga Ƙafar Ɗana Ba

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma da wuri, domin an kusa komawa makaranta, ni kuma akwai wata magana a bakina wadda idan ta fita ban san yadda zan dawo da ita ba.

Ni magidanci ne, ina aiki a wata ƙasa mai nisa, a sashen wanki da guga na wani babban otal. Ɗakin aikinmu a can ƙasan gini yake, ba taga, sai tururi da rurin injina. Daga safe har yamma ina goge rigunan mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ba ƙorafi nake ba, da shi nake riƙe gidana. Na faɗa ne don ki gane inda abin yake yi mini ciwo.

Lokacin da nake gida, shirin komawa makaranta aikina ne, ba na bar wa kowa. Ni nake kai babban ɗana aski, wanda muke ce wa Guntu saboda ya daɗe bai miƙe ba. Ni nake naɗe masa littattafai da takarda. Ni nake goge masa kayan makaranta, in fitar da kari a wando har malamai su tambaya wa ya yi. Uwarsu takan yi mini tsiya, wai ko ango ba a yi masa wannan ɗawainiyar.

Ranar da zan taso na samu zare na auna ƙafar Guntu da ta ƙanwarsa Auta, na ƙulle kowanne a daidai tsawon ƙafar, na sa a walat. Duk shekarun nan zaren yana jikina. To bana Guntu zai shiga sakandare, Auta kuma za a sa ta aji ɗaya. Sai na ce a raina kuɗi ai kullum ana aikawa, bari wannan karon su sa abin da idona ya gani, hannuna ya zaɓa. Ranar hutuna na shiga kasuwa, na zaro zaren a gaban mai shago, yana kallona kamar ya ga mai tsibbu. Na ƙara faɗin yatsa biyu saboda girma, na zaɓi takalma masu ƙwari, ruwan ƙasa, na ba wani abokin aikinmu da zai je ganin gida ya kai.

Da muka yi waya ta bidiyo, Guntu ya yi mini godiya, ya ɗago takalmin ya nuna mini. Hajiya, baƙi ne. Na ce Allah ya sa albarka. Da ya tashi na tsare uwarsu da tambaya, ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta faɗi gaskiya. Wanda na aika ko rabin ƙafarsa bai shiga ba, na Auta kuma da ƙyar ya shiga, ta cire tana hawaye. Kuma wai makarantar ma baƙi kaɗai take yarda da shi. Ƙanena, makanike ne, gidansa yana bayan namu, yara suna ce masa Baba Ƙarami, shi ya kwashe su zuwa kasuwa ya saya musu wasu, ya ce musu ni na aiko a canza, ya kuma ja kunnen kowa kada a gaya mini don kada raina ya ɓaci.

Tun daga ranar idona ya buɗe, sai nake ganin hannunsa a ko'ina. Aski, Baba Ƙarami. Littattafai, Baba Ƙarami. Har guga shi ya yi, mutumin da hannunsa bai san komai ba sai baƙin mai, ya fitar da kari biyu a ƙafar wando ɗaya, ta waya ma na hango. Ashe Guntu tsoron sabuwar makarantar yake, ya ji an ce manyan ɗalibai suna cin zalin sababbi, har ba ya cin abinci sosai. Ƙanena ya gaya wa, ba ni ba. Ni kuwa abin da nake samu daga bakinsa bai wuce lafiya lau da na gode ba. Rannan Auta ta ce Baba, na amsa da ƙarfi daga nan, ashe ba da ni take ba, shi ne ya shigo gidan.

Zan yi masa adalci. Ƙanen nan nawa bai taɓa neman ko sisi a wurina kan yarana ba, bai taɓa yi mini gori ba. Ni na raine shi, a kan kekena na riƙa kai shi makaranta. Da mugu ne da na samu inda zan sauke fushina. Amma ina tsaye ina goge rigar wani ƙato ina ta ƙiyasta yadda zai ɗora su a babur ranar farko, Auta a gaba, Guntu ya riƙe shi ta baya, malamai suna ce masa baban yara. Ni na sha tururi, shi ya sha gaisuwa.

Shi ne na ce wa uwarsu bana kada ya kai su, ita ta kai su da kanta, kuma ya cire hannunsa daga harkar makarantarsu. Ta ce to, amma in faɗa masa da bakina. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. In faɗa masa, ko in haɗiye? Kuma in na haɗiye, ni mene ne nawa a cikin yaran nan?

Mai guga a ƙasar wasu.

*

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Kada ka faɗa masa. Idan ka faɗa, kai ba za ka matso kusa da ko taku ɗaya ba, yaran ne kawai za su rasa mai kai su, a makon da Guntu ya fi bukatar babba a bayansa.

Kishinka ba abin kunya ba ne, kishin uba ne da yake son a san da shi. Kuma kana da gaskiya a wuri ɗaya: bai kamata a ɓoye maka ba. Ƙanenka da maiɗakinka sun yi don tausayi, amma tausayin nan shi ya mayar da kai baƙo a gidanka. Sai dai ka lura, mutumin da kake zargi zai ƙwace maka wuri, da ya sayi takalmi sunanka ya ɗora a kai. Ka kira shi, ka yi masa godiya sosai, sannan ka ce daga yau duk abin da ya shafi makarantar yara, mai daɗi da mara daɗi, a fara sanar da kai.

Kuskurenka kuma ba na takalmi ba ne kaɗai. Kana yi wa yaron da ka bari shiri, alhali wanda ke gida yanzu wani ne, ya fi wancan ƙafa, ya fi shi damuwa. Kafin ka sake sayen komai, ka tambayi dokar makaranta, ka tambayi yaron.

Ga naka aikin, wanda babur ba ya yi. Guntu ya isa ya goge kayansa da kansa, kuma ba shi da malamin da ya fi ka. Ku sa rana, ya jingina waya a kan tebur, uwarsa tana kusa saboda zafin dutsen guga, ka koya masa yadda ake kwantar da kwala da fitar da kari. Yaro namiji ba ya buɗe cikinsa idan an zuba masa ido ana tambayarsa, sai hannunsa yana aiki. Yana guga, ka ba shi labarin ranarka ta farko a wannan otal, yadda ba ka san kowa ba, yadda gabanka ya faɗi. Za ka ji ya fara magana. Idan ya fara, ka bar shi ya gama, sannan ku tsara wa zai gaya wa idan wani ya taɓa shi.

Auta kuwa, ka riƙa wasan makaranta da ita a waya, kai ne malami, ta faɗi sunanta, ta nemi izinin fita fitsari, ta nuna maka jakarta. Ka roƙi ƙanenka ya bi da ita ta ƙofar makarantar kafin a buɗe, don wurin ya daina yi mata kwarjini. Sannan tun yanzu ka mayar da kiranka lokaci ɗaya kullum, da wuri, ya zama da ka yi musu sallama sai kwanciya, don barcinsu ya dawo daidai kafin ranar. Yarinya ƙarama wanda take ji kullum shi take riƙewa.

Ranar farko ka kira su kafin su fita, ka sa musu albarka, ka bar Baba Ƙarami ya ja babur ɗinsa. Karin da ke wandon Guntu a ranar, ko ya ɗan karkace, naka ne.

Tsohon zaren ka adana shi. Amma ka ce wa yaran su auna ƙafarsu da sabo, su ƙulle da hannunsu, a ba abokin aikinka ya taho maka da shi. Allah ya raya maka su, ya bar zumunci tsakaninka da ƙanenka, ya mayar da kai gida lafiya.