Yakuwar da Ke Bayan Tanki

Al-Sih, Madina

Yaya Fatna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, a gaida Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, hannuwana ne kawai suka ɗan tsattsage saboda gishiri. Kada ki faɗa mata.

Wata biyu ke nan ana kai mu Yanbu, bakin teku, muna shirya lambun wani tsohon gida da aka gyara. Injiniya ya zana komai a takarda: dabino, farar tsakuwa, furannin da ba a ci. Na ce masa iskar teku za ta ƙona rabinsu, ya ce in bi zane kawai. Na bi.

Amma irin yakuwar nan da kika ƙulle mini a ƙyalle, na shuka shi a ɓoye bayan tankin ruwa, inda katanga ta tare iska. Tushe uku suka tsira. Ranar Alhamis mahaifiyar mai gidan, Hajiya Sabuwa, ta gan su. Na ɗauka korata za a yi. Tsohuwar nan da ban taɓa jin bakinta ba sai da Larabci, ta tsinki ganye ta tauna, ta ce da Hausa, "Yaro, wannan miyar kakata ce."

Yaya, sai na tsaya ina kallon yakuwar. Tsakar gidanmu nake gani.

Ki aiko mini da wani irin ta hannun masu zuwa Umra, domin Hajiya ta riga ta sa a kwashe tsakuwar a shuka yakuwa a wurin. Ni ma na tsinki ganye ɗaya. Yana aljihuna, na kasa taunawa.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Bakri